Shekara Guda a Gidanmu: Daga Ambaliya Zuwa Ranar Suna

Mu iyalin gida ɗaya ne a Sama Road, 'ya'ya huɗu da mahaifiyarmu, kuma muna cikin ƙungiyar gama kai ta manoman ekklesiyarmu tun zamanin mahaifinmu. A wani taron ƙungiya aka yi ta shawara a kan abin da ya kamata a yi wa gidan da maigida ya rasu ya bari, ga gona tana jiran hannu, ga bashi yana jiran biya. Sai wani dattijo ya juyo wajenmu ya ce, "'Ya'yana, ku kun bi wannan hanya. Ku rubuta wa 'yan'uwa yadda ta kasance." Shi ya sa muka zauna tare da Inna muka tuna shekara guda, daga Satumba 2010 zuwa Satumba 2011.

Gona biyu

Ko da yake a cikin gari muke zaune, abincinmu daga gona yake fitowa. Baba yana da 'yar gonar tudu inda muke shuka gero da wake. Yana kuma noma wata fadama a wajen Kwalkwalawa, bakin Gulbin Rima, kan hanyar jami'a. Can muke yin shinkafa da damina, albasa kuwa da rani. Fadamar ba tamu ba ce. Wani dattijo Musulmi na ƙauyen ya ba Baba aronta shekaru da yawa, kowace kaka Baba yakan kai masa nasa rabo. Babu takarda tsakaninsu, sai amana.

Baba ya ga farin 1973, ya kuma ga na 1984. Saboda haka tsoronsa duka na rashin ruwa ne. Daminar Sakkwato gajeriya ce, daga Yuni zuwa Satumba, gero kuma yakan ƙone a tudu idan ruwa ya ɗauke da wuri. Don haka zuciyarsa tana kan fadama. A daminar 2010 ya karɓi taki buhu huɗu bashi daga ƙungiya, ya zuba kusan duka a shinkafa.

Ruwa ya zo

A farkon Satumba 2010, bayan ruwan sama mai yawa, Gulbin Rima ya cika ya tumbatsa tun daga wajen Goronyo har zuwa Sakkwato. Ya cinye ƙauyuka da gonaki a ƙasashen Goronyo da Wurno da Kware da Silame da sauransu. Ya yanke gadar da ke kan hanyar Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo. Dubban mutane suka rasa muhalli, waɗansu suka fake a makarantu. Gidanmu a Sama Road ruwa bai taɓa shi ba, gama yana kan tudu. Amma shinkafarmu, wadda ta riga ta fara fid da kai, ta kwana a ƙarƙashin ruwa kwanaki da yawa. Ko tiya ɗaya ba mu samu ba.

Baba bai iya zama a gida ba. Ya tafi duba gona, ya tarar da maƙwabtansa na fadama suna kwashe kaya, ya tsaya yana taya su kwana biyu. Can ya sha ruwan wata rijiya da ambaliya ta shiga. Da ya dawo sai amai da gudawa suka kama shi da dare. Muka ce gajiya ce, bari gari ya waye. Da gari ya waye ya riga ya galabaita, idanunsa sun faɗa. Muka kai shi asibiti, ma'aikata suka yi iyakar ƙoƙarinsu, amma kafin yamma ya cika.

A wannan shekara cutar kwalara ta kashe fiye da mutum 1,500 a faɗin Nijeriya. Abin da ya fi yi mana zafi har yau shi ne, akwai sukari da gishiri a ɗakin Inna daren nan. Kwalara tana kisa ne ta wurin zubar da ruwan jiki. Lita ɗaya ta ruwan da aka tafasa ya huce, da ƙaramin cokalin shayi shida na sukari a shafe, da rabin cokalin na gishiri, a riƙa ba maras lafiya kaɗan kaɗan ana kan hanyar asibiti, wannan yakan riƙe mutum. Mun taɓa jin haka, amma ba mu sa a zuciya ba. Ku kam, ku sa. Kada kuma a jira gari ya waye.

Bayan masu ta'aziyya sun watse

Mako guda gida yana cike da mutane. 'Yan ekklesiya suka zo, maƙwabta Musulmi suka zo, Zumuntar Mata ta riƙe murhu. Sa'an nan kowa ya koma harkarsa, mu kuwa muka ga abin da ke gabanmu. Rumbu bai cika rabi ba. Ga bashin taki. Ga geron tudu ya nuna, yana jiran girbi. Ga fadama wadda ba mu san ko za a bar mana ba.

Baffanmu ya zo daga ƙauye da shawara. Ya ce a sayar da gonar tudu a biya bashi, Inna da autarmu su koma wurinsa, maza kuwa kowa ya nemi abin yi. Babban wanmu ma ya fara zancen neman babur ya shiga kabu-kabu. Baffa ba mugunta yake nufi ba, haka aka saba gani: uba ya mutu, gandu ya watse. Inna ta saurare shi har ya gama, sa'an nan ta ce, "Baban yara, na gode. Amma a ba ni rani ɗaya. In mun kāsa, ni da kaina zan aiko maka." Baffa ya yarda.

Abin da ƙungiya ta yi

Abu na fari, ranar Asabar ɗaya cikin Oktoba 'yan ƙungiya suka kira gayya. Kafin la'asar an girbe geronmu an ɗaure dammuna. Da mu kaɗai ne, da tsuntsaye sun riga mu.

Abu na biyu, aka buɗe littafin bashi a gaban kowa. Waɗansu suka ce a yafe. Ma'aji ya ce in an yafe wannan, ba za a sami abin sayen takin baɗi ba, gama ba gidanmu kaɗai ruwa ya ci ba. Aka tsaya a kan cewa za mu biya bayan cire albasa, ba ƙarin ko kwabo. Da farko abin ya sosa mana rai. Daga baya muka gane daidai aka yi. Bashin ya ba mu dalilin tashi da asuba, kuma ba wanda ya taɓa kallonmu a taro kamar masu bara.

Abu na uku, aka rubuta sunan Inna a littafin ƙungiya a madadin Baba. Kafin wannan lokaci maza ne kaɗai a littafin. Tun daga ranar ta zama mai murya a taro, tana karɓar iri da taki da sunanta.

Saura fadama. Dattawan ƙungiya biyu suka raka babban wanmu wurin mai ita. Shi ma ruwa ya rushe masa ɗakuna, yana zaune a ƙarƙashin rumfar zana. Wanmu ya durƙusa ya gaishe shi, ya ce, "Baba Alhaji, mun zo ne a kan maganar gona." Tsohon ya ce, "Ɗana, ubanka ya kwana biyu yana ɗaukar kayana a ka cikin ruwa. Ku je ku noma. Bana kada ku kawo mini komai." Dattawan suka roƙe shi a rubuta yarjejeniyar a gaban mai unguwa domin gaba, ya kuwa yarda.

Rani

Da ruwa ya janye muka tarar ya bar mana abu biyu. Gefe ɗaya na fadamar ya binne da rairayi, bai yi mana amfani ba wannan shekara. Sauran kuwa ya shimfiɗa masa baƙar laka mai taki. Muka zuba irin albasa a ƙarshen Oktoba, muka yi dashe a fangali bayan mako shida, sanyin hunturu kuma ya taimake ta. Injin ban ruwa na ƙungiya ne, muna karɓa kwana biyu a mako, mu sayi mai. Wan namu da ya so kabu-kabu shi ya zama mai kwana a lambu.

Mun cire albasa cikin Maris 2011, lokacin da kowa yake cirewa, kasuwa kuma ta faɗi. Dole muka sayar da mafi yawa haka nan domin mu biya bashi, muka kuwa biya duka. Ragowar muka ajiye a rudu muna jiran tsada, amma kusan rabi ta ruɓe. Laifinmu ne. Mun yi ta ban ruwa har gab da cirewa. Baba yakan tsai da ruwa kamar mako biyu kafin cirewa, ya bar wuyan albasa ya bushe sarai a inuwa, ya ware masu rauni. Muna ganinsa yana yi, ba mu taɓa tambayarsa dalili ba.

Cikin Disamba kuma Zumuntar Mata ta kawo wa Inna jar akuya irin ta Sakkwato, mai ciki. Sun bi al'adar da Fulani suke kira haɓɓanaye, watau a ba wanda ya yi hasara aron dabba mace, ya riƙe 'ya'yan, ya mai da uwar. Cikin akuya wata biyar ne. Ta haifi biyu, ɗaya ya mutu da farkon damina, macen ta rayu. Da aka yaye ta, uwar ta wuce gidan wata gwauruwa.

Ranar suna

A daminar 2011 muka raba ƙarfinmu biyu, tudu da fadama, muka kuma ajiye iri a gida maimakon bukkar lambu. Cikin Satumba, shekara guda da rasuwar Baba, matar wanmu ta haifi ɗa namiji. Aka sa masa sunan Baba. Inna ba ta taɓa kiran sunan mijinta ba, don haka take ce wa yaron Maigida. Baffa ya zo suna, ya leƙa rumbu, ya ci tuwo, bai tā da maganar sayar da gona ba. Ranar godiyar kaka Inna ta kai dami ɗaya na gero gaban ekklesiya da kanta. Ta yi kuka, mu ma muka yi.

Ba mu ce rashin ya wuce ba. Har yanzu in aka fara dashen albasa mukan tuna wanda ya koya mana riƙon fartanya. Ambaliya ma ba ta daina zuwa ba. An gani a 2012, an gani a 2022, a Satumba 2024 kuma madatsar Alau ta ɓalle ta shiga Maiduguri. Kowace ƙungiya za ta binne wani nata wata rana, don haka gara a shirya tun ana lafiya. Ga tambayoyin da muke roƙo ku duba a taronku na gaba:

1. In ɗan ƙungiya ya rasu yau, matarsa ta san bashin da ake binsa da wanda yake bin mutane?
2. Gonakin aro da na jingina nawa ne a cikinku ba su da takarda ko shaidu?
3. Sunayen mata suna cikin littafin ƙungiyarku?
4. Kuna da asusun ko-ta-kwana dabam da kuɗin taki?
5. Wane ne zai kira gayya, kuma wa zai koma gidan bayan wata uku, sa'ad da ƙafa ta ɗauke?

Allah ya ta'azantar da masu makoki a cikinku, ya ba mu damina mai albarka.