Kafin ka biya kuɗin manhaja, ka ce a zana maka ita: darasi daga shagon fina-finan Kawu

Kawuna yana da shagon fina-finai ba nisa da babbar kasuwar Njamena, kuma kusan a shagon na girma. Tun ina firamare nake kaɗe ƙura a kan kaset-kaset ɗin da ake kawo masa daga kasuwar Ƙofar Wambai ta Kano. Sai sun biyo ta Maiduguri da Gamboru da Fotokol, su sauka Kusiri, sannan a tsallako da su gadar Ngeli. A lokacin haya ake bayarwa: ka ɗauki Sangaya yau, ka dawo da shi gobe, in ka makara ka ƙara kuɗi. Daga baya faifai ya kori kaset. Yau kuwa ba kaset ba faifai. Mutum ya miƙo waya ko memori, a tura masa Labarina ko Izzar So, ya biya ya tafi. Babu abin da ake dawowa da shi.

Lissafin shagon duk yana cikin wani tsohon littafi da Kawu kaɗai ke iya karanta rubutunsa. Da idonsa ya fara rauni, sai ɗansa, wanda ke karatun kimiyyar kwamfuta, ya ce zai rubuta masa manhaja. Kawu ya sayi kwamfuta ta hannu da kuɗin da yake tarawa don gyaran rufin gida kafin damina. Yaron ya yi wata uku yana aiki, dare da rana. Manhajar ba ta yi mako guda a shago ba aka koma wa littafi.

Na tambayi Kawu abin da ya faru. Ya ce: "Malam, abin nan tambayata yake yi lambar katin mai haya, da ranar da zai dawo da fim. Wa ke dawo da fim yanzu? Ni da shi kamar ba a shago ɗaya muke ba."

Ni malamin lissafi ne, ba masanin kwamfuta ba. Amma a makarantar horon malamai an koya mana abu ɗaya: kafin ka shiga aji, ka rubuta wa za ka koyar da kuma abin da kake so ya iya bayan darasin. Da hutu ya zo na karɓi takardun karatun ƙanen nawa, na ga ashe su ma suna da irin wannan ƙa'ida, har da zane nata.

Wanda ya fito da dabarar shi ne Ivar Jacobson, injiniya ɗan ƙasar Suwidin da ya yi aiki a kamfanin Ericsson. Ya gabatar da ita a wani taron masana a 1987, ya faɗaɗa ta a littafinsa na 1992. Daga baya ya haɗu da Grady Booch da James Rumbaugh a kamfanin Rational, suka tsara harshen zane na bai ɗaya mai suna UML, wanda ƙungiyar OMG ta amince da shi a 1997. Zanen da nake magana a kai ɗaya ne daga cikin zane-zanen UML. A Hausance zan kira shi zanen hanyoyin amfani.

Ba shi da wuya. Ka zana babban akwati, shi ne manhajar. A wajen akwatin ka zana 'yan mutum-mutumi irin na yara, kai da ƙafa da hannu. Kowane ɗaya yana wakiltar wanda zai yi hulɗa da manhajar, kuma masu fannin suna kiransa ɗan wasa, kamar dai na fim, domin rawar da yake takawa ake dubawa, ba sunansa ba. A cikin akwatin ka zana da'irori masu siffar ƙwai, kowanne da buƙata ɗaya a ciki. Sai ka ja layi daga mutum zuwa buƙatarsa. Shi ke nan. Tambayar da zanen ke amsawa ita ce: wa ke son me?

Da na duba zanen ƙanena, nan take na ga inda gizo ke saƙar. Zane ne mai tsabta, amma na shagon wata ƙasa. Shagon hayar bidiyo tsohon misali ne a darussan kwamfuta, kuma an gina shi a kan irin shagunan Blockbuster na Amurka: rajistar mamba, ɗaukar fim, dawo da fim, tarar makara. Shi kansa Blockbuster, mai shaguna sama da 9,000 a 2004, ya durƙushe a 2010, kuma shago ɗaya tal ya rage masa a garin Bend na jihar Oregon. Netflix ma ta daina aika faifai ta gidan waya a watan Satumban 2023. Misalin ya mutu a gidansa, amma yana raye a takardun ɗalibanmu.

Na ce masa: "Ajiye kwamfutar nan. Ɗauko alli da allo." Muka zauna a shago kwana uku, muna kallo muna tambaya.

A zanensa mutum biyu ne, mai haya da mai shago. A shagon gaske mun ƙirga shida. Akwai mai saye da ya zo da kansa. Akwai yaron shago da ke tura fim. Akwai Kawu mai karɓar kuɗi. Akwai dillalin da ke kawo sababbin fina-finai. Akwai Airtel Money, wanda ba mutum ba ne amma yana hulɗa da shagon, don haka a ƙa'idar zanen shi ma ɗan wasa ne. Na shida shi ne ya fi ba mu mamaki: ɗan aike. Yawancin matan aure da ke sayen fim ba sa zuwa shago. Yaro suke turowa da memori da saƙon baki, kuma sau da yawa bashi ne sai ƙarshen wata. Wanda ya zo daban, mai asusun daban. Manhajar farko ba ta san da wannan ba, alhali a nan ne mafi yawan rubutun littafin Kawu yake.

Buƙatun ma suka canja. Muka goge "dawo da fim" da "tarar makara". Muka rubuta: neman fim, tura fim, karɓar kuɗi, rubuta bashi, biyan bashi, shigar da sabon fim, lissafin rana. Zanen yana da alaƙa guda biyu da suka taimaka mana. Ta farko ita ce aikin da dole ya kasance cikin wani: ba a tura fim sai an duba ko akwai wuri a memori, don haka duba wuri yana ƙunshe cikin turawa. Ta biyu ita ce aikin da ke faruwa bisa sharaɗi: rubuta bashi ba kullum ba ne, sai idan ba a biya ba kuma Kawu ya yarda da mutumin.

Sai dai zane ba ya faɗin komai. Kowace da'ira tana buƙatar bayani a rubuce, mataki-mataki, har da abin da za a yi idan al'amari ya karkace. Wuta ta ɗauke ana tsakiyar turawa, an biya ko ba a biya ba? Babu intanet, manhajar za ta tsaya? Duk wanda ya tuna yadda aka rufe kafofin sada zumunta a Chadi daga Maris na 2018 zuwa Yulin 2019 ya san ba tambayar wasa ba ce. Sannan ga ƙidayar kuɗi. Bahaushe ya ce dala ashirin, mai Larabcin Chadi ya ce riyal ashirin, dukansu sefa 100 suke nufi, domin dala da riyal kowanne sefa 5 ne. Yaron shago ya ji ashirin ya buga 20. Da yamma lissafi ya ƙi fita, a fara zarginsa da sata. Wannan ya faru a makon da aka gwada manhajar, har yaron ya yi kuka. Layi ɗaya a takarda da ya hana.

Akwai da'ira biyu da suka jawo gardama. Ta farko ni na kawo ta. Ina kama wayoyi a aji, na san abin da ake zuba wa 'yan shekara goma sha uku. Na ce a sa wa kowane fim alamar ko ya dace da yara, kuma idan ɗan aike ya nemi wani abu da ba ya cikin saƙon da aka saba, manhajar ta tsayar da yaron shago ya tambayi Kawu. Kawu ya yi ƙorafin za a rage ciniki, amma ya yarda.

Ta biyu ƙanena ne ya tayar. Ya dubi allon ya ce: "Yaya, ina mai fim ɗin a nan?" Gaskiya ce. Tun daga Turmin Danya a 1990 mutane ke zuba dukiyarsu a fim ɗin Hausa, amma a zanenmu babu layi ko ɗaya da ke kai musu kwabo. Kawu ya yi shiru, can ya ce shi ma saye yake yi a wurin dillali. Mun zana mutum na bakwai a gefen akwatin, ba mu ja masa layi ba tukuna. Yana nan a allon yana kallonmu.

Sabuwar manhajar ta fi ta farko ƙanƙanta, kuma Kawu yana amfani da ita, ko da yake littafin na nan a aljihun tebur saboda tsaro. Rufin gida kuwa sai baɗi.

Don haka ɗan'uwa, ko kanti gare ka, ko kantin magani, ko makarantar kuɗi, idan wani ya ce zai rubuta maka manhaja, kada ka fara da ciniki. Ka ce ya zo ya wuni a wurin sana'arka, ya zana maka a takarda su wa za su yi amfani da ita da abin da kowa ke so. Ba sai ka iya kwamfuta ba kafin ka karanta zanen. Idan ba ka ga ɗan aikenka da masu bashinka a ciki ba, kada ka biya. Gyara da alli kyauta ne.

Ku kuma ɗalibai, misalin da ke takarda ƙofa ce kawai. Shagon yana kasuwa. Allah ya sa mu dace.