Khanul Khalili, Kasuwar Tsohuwar Alƙahira

Mai son ganin tsohuwar Alƙahira cikin yini guda ba ya bukatar mota. Ya sauka a dandalin da ke tsakanin masallacin Azhar da na Sayyidina Husaini, sauran aikin na ƙafa ne. Titi ɗaya ya ratsa tsohon birnin daga arewa zuwa kudu, titin Mu'izzu, tun daga Babul Futuh har Bab Zuwaila, kuma a gabas da shi Khanul Khalili take. Masu yi wa baƙi jagora sukan bar ta sai ƙarshe, a matsayin wurin sayen tsaraba bayan an gama kallon masallatai da hasumiyoyi. A ganina sun juya abin. Da yawa daga gine-ginen da baƙo ke ɗaga kai yana kallo, hayar shaguna da rumbunan 'yan kasuwa ce ta riƙe su shekaru aru-aru.

A zamanin Mamalik, sarki ko wani babban bafade idan ya gina masallaci, makaranta ko asibiti, ba ya barinsu haka nan. Sai ya gina shaguna, gidajen wanka da masaukan fatake, ya yi waƙafinsu. Daga hayarsu ake biyan liman da ladan, a ciyar da ɗalibai, a sayi man fitila da maganin marasa lafiya. Asibitin da Sarki Ƙalawun ya gama a 1285, wanda ragowarsa ke nan a kan titin Mu'izzu, da irin wannan kuɗi ya yi wa talaka magani kyauta. Don haka duk wanda ya raba masallatan nan da kasuwa bai ga birnin yadda masu shi suka tsara shi ba.

Asalin wurin kasuwar yana da ɗaci. Bayan Jauhar, kwamandan Faɗimiyya, ya kafa birnin a 969, nan ne maƙabartar halifofin Faɗimiyya take, a jikin fadarsu. A shekarun 1380, Jaharkas al-Khalili, shamakin Sarki Barƙuƙ, ya so fili a tsakiyar gari don ya gina masaukin fatake. Masanin tarihi Maƙrizi ya rubuta cewa ya sa an tone ƙasusuwan an kai su juji a bayan gari. Sunansa ne ya bi kasuwar har yau, ko da yake gininsa bai tsira ba: a 1511 Sarki Ghuri ya rushe shi, ya sake fasalin unguwar da ƙofofin dutse masu ado, waɗanda har yanzu mutane ke bi ta ƙarƙashinsu, rabin adonsu ya ɓace a bayan fitilun da aka rataye don sayarwa.

Wanda ke son ya gane yadda fataucin da yake gudana, ya tsallaka titin Azhar ya shiga Wakalar Ghuri. Tsakar gida ce mai faɗi, ƙasa duk ɗakunan ajiya, sama kuma ɗakunan kwana hawa-hawa. Falke ya sauke kayansa a ƙasa, ya kwana a sama, dillali ya kawo masa mai saye, kamar dai yadda fatoma ke saukar da baƙonsa a Kano ya kuma nemo masa ciniki. Ta irin waɗannan tsakar gidaje masoro da kirfa da kanumfarin gabas suka riƙa wucewa daga Bahar Maliya zuwa Iskandariyya, inda jiragen Benis ke jiransu. Da Basko da Gama ya zagaya kudancin Afirka ya isa Indiya a 1498, sannan Daular Usmaniyya ta ci Masar a 1517, sai aka zaci kasuwar ta mutu. Ba ta mutu ba, gahawar Yaman ce ta cike gurbin.

Zinariya kuwa daga yamma take zuwa. Tun kafin a gina Khan ɗin, a 1324, Mansa Musa na Mali ya sauka a Alƙahira a hanyarsa ta hajji, shi da mutanensa suka kashe zinariya har darajarta ta faɗi. Masanin tarihi al-Umari ya ce bayan shekara goma sha biyu ba ta gama farfaɗowa ba. Layin maƙeran zinariya, wanda suke kira Saga, yana nan a bakin titin Mu'izzu, kuma nan ne na fi son a tsaya, domin cinikinsa na 'yan gari ne. Shagunan ƙanana, wani da ƙyar yake ɗaukar mutum huɗu. Ba a tayin zinariyar kanta. Farashin giram na ranar sananne ne, kowa na ganinsa a wayarsa, kuma yakan canja kafin azahar. Abin da ake ja-in-ja a kai shi ne ladan ƙira, masna'iyya. Uwar amarya za ta juya awarwaro ta nemi hatimin hukuma, ta tabbatar karat 21 ne, wanda Misirawa suka fi yarda da shi, ango na gefe yana lissafi a zuci, don shi zai biya shabka, wato kayan zinariyar da ake kai wa amarya. Duk lokacin da fam ɗin Masar ya faɗi, kamar a Nuwamban 2016 da Maris na 2024, layin nan yakan cika da masu mayar da ɗan abin da suka tara zuwa sarƙa ko 'yan kunne, ba don ado ba.

Kudu kaɗan, hanci ne ke yi wa mutum jagora zuwa wurin masu kayan ƙamshi. Bahaushe ba zai ji baƙunta a nan ba. Ga zoɓo a buhu-buhu, mafi tsadarsa na Aswan, ga goruba, ga tsamiya, hulba da habbatus sauda. A bayan Azhar kuma shagunan littattafai ne, inda ɗalibai daga Najeriya, Nijar da Chadi ke jera fiƙihu da nahawu a kwali don aikawa gida. Wannan zirga-zirga tsohuwa ce: tun ƙarni na 13 masarautar Kanem ta yi wa ɗalibanta da alhazanta masauki a birnin, daga baya kuma Barnawa suka sami nasu sashe a cikin Azhar.

Sai lungunan tsakiya, inda baƙi suka fi cunkusuwa. Nan ake jin "Itfaddal ya basha" daga kowace ƙofa, a kawo maka shayi kafin a faɗi farashi, farashin farko kuma na gwaji ne. Ba laifi ba ne, haka cinikin yake, kuma wanda ya saba taya kaya a gida ba za a cuce shi ba. Abin da ke damuna daban ne. Yawancin ƙananan dala da gumakan Fir'auna da ke kan tebura ba a Masar aka yi su ba, takardar da ake cewa ta bardi ce sau da yawa ganyen ayaba ce, akwatin da ake cewa na katantanwar teku ne roba aka liƙa masa. A 2015 gwamnati ta hana shigo da irin waɗannan kayan gargajiya daga waje, har da fitilun azumi, amma doka ba ta mayar da yaron da ya bar shagon ubansa ya koma tuƙa keken haya. Baƙin da suka zo Masar a 2010 sun haura miliyan 14, a 2016 ba su kai miliyan 6 ba. Mai shago ya iya jurewa ta hanyar sayar da na arha. Mai guduma da kurfi, wanda faranti ɗaya ke cinye masa kwanaki, shi ya fi shan wuya.

Kuma masu wannan sana'a suna nan, sai dai ba a gaban shago ba. Suna sama, a ɗakunan da ake hawa ta matattakala mai duhu, ko a lungunan Jamaliyya, unguwar da aka haifi marubuci Najib Mahfuz a 1911. Kunne ne zai kai mutum: ƙarar guduma a kan tagulla ba ta ɓoyuwa. Usta, wato gwanin sana'ar, na zaune yana sassaƙa zane a jikin tire ba tare da ya duba takarda ba, yaronsa na goge wanda aka gama. Idan aka saya a hannunsa, kuɗin ya isa inda ya kamata, kuma bai dace a matse shi yadda ake matse mai sayar da roba ba. Gidan shayin Fishawi, wanda ya haura shekara ɗari biyu, ya isa a huta a cikinsa a sha shayi da na'ana'a, amma kada ya cinye la'asar.

La'asar ta Khayamiyya ce, layin masu ɗinkin tanti. A fita ta Bab Zuwaila, ƙofar da aka rataye Tumanbay, sarkin Mamalik na ƙarshe, sai ga titi mai rufin katako wanda Ridwan Bey ya gina wajen 1650. A nan masu ɗinkin tanti ke zaune sun harɗe ƙafa, suna yanka ƙyalle mai launi suna ɗinke shi da allura a kan zane mai kauri. A da su ke yin manyan rumfunan biki, zaman makoki da maulidi. Yadin da injin ke bugawa da zane iri ɗaya ya ƙwace wannan ciniki, sai suka koma yin na rataye a bango da rigunan matashi, wasunsu har ana gayyatarsu nune-nune a Ingila da Ostireliya. Babban zane yakan ɗauki watanni a hannun mutum ɗaya. Mai saye ya shafa shi, ya kuma juya bayansa: na injin sumul yake, na hannu kuwa ƙyalle ne bisa ƙyalle, sawun allura a jere, ba duka tsawonsu ɗaya ba.