Abin da Idon Ɓera Ke Faɗa Game da Cutar Mantuwa

Tantanin da ke shimfiɗe a can bayan ƙwayar ido, wanda ke karɓar haske, reshen ƙwaƙwalwa ne. Daga gare ta ya tsiro tun ɗan tayi na ciki. Ta ido kaɗai likita ke iya ganin jijiyoyin ƙwaƙwalwa kai tsaye ba tare da ya tsaga jiki ba. Wannan ne ya ja hankalin masu binciken cutar Alzheimer, wadda ta fi kowace cuta haddasa gigin tsufa, domin daskararren sinadarin amiloid yakan fara taruwa a ƙwaƙwalwa shekaru da dama kafin mutum ya fara mantuwa. Hanyoyin da aka saba gano shi kuwa, hoton PET ko zuƙo ruwan laka, akwai tsada da wahala.

A wani aiki da aka wallafa a shekarar 2011, masu bincike a asibitin Cedars-Sinai da ke Amurka suka ba wasu ɓeraye sinadarin da ke cikin kurkur, wanda ke manne wa amiloid ya riƙa ƙyalli a ƙarƙashin wani haske na musamman. Ɓerayen an dasa musu ƙwayoyin gadon cutar na ɗan Adam. Da aka ɗauki hoton idanunsu, sai ga ɗigo-ɗigon amiloid, kuma sun bayyana a ido kafin a gan su a ƙwaƙwalwa. Amfanin ɓera ke nan: cikin watanni yake tsufa, ana iya bin ido ɗaya wata bayan wata, a ƙarshe a buɗe ƙwaƙwalwar a gwada da abin da hoton ya nuna. Da mutum mai rai wannan ba ya yiwuwa.

Masu ja suna cewa ɓera ba mutum ba ne, kuma suna da hujja. Nau'in cutar da ake dasa masa na gado ne, wanda 'yan tsiraru ke fama da shi, idonsa ma ba shi da tsakiyar nan mai kaifin gani irin tamu. Ga kuma ciwon suga da hawan jinin ido, su ma suna lalata tantanin, suna iya rikita mai karanta hoto. Sai dai wannan suka ta shafi mai gaggawar kiran binciken gwajin asibiti ne. Aikin ɓera shi ne nuna alamar da ta cancanci a neme ta a idon mutum, da lokacin da take ɓullowa. Na'urorin ɗaukar hoton tantanin ido sun riga sun shiga asibitocin ido da yawa, don haka in alamar ta tabbata a jikin mutane, ba sai an faro daga tushe ba.