Zunubi da Alheri a Aƙidar Kirista

Mutumin Lambara, wanda ya tashi a ƙasar da Shehu Usmanu ya zauna yana karantarwa a Sifawa, ƙanensa Abdullahi kuwa yana Boɗinga, ya san ƙissar Annabi Adamu tun yana yaro: ya ci daga itaciyar da aka hana shi, ya tuba, Ubangiji Ya karɓi tubarsa, zuriyarsa kuma kowa da nasa hisabi. A kan wannan ƙissa ce hanyar Kirista ta rabu da ta Musulmi, kuma wanda bai fahimci mararrabar ba, ko ya shekara yana jin wa'azin Kirista, ba zai gane inda suka dosa ba.

A wurinsu, saɓon Adamu bai tsaya a kansa ba, sai ya ɓata ɗabi'ar ɗan Adam tun daga tushe, har ya zamana kowane jariri ana haifarsa ne da karkata zuwa ga zunubi, a nesa da Mahaliccinsa, nisan da sadaka ko azumi ko kyawun hali ba su isa su cike shi ba, kamar mai bashin da ya fi ƙarfin dukiyarsa da ta danginsa. Saboda haka suka ce ceto ba lada ba ne da bawa ke samu da guminsa, alheri ne tsantsa daga Allah, wanda ya zo ta mutuwar Yesu Almasihu a kan gicciye da tashinsa, mutum kuwa ya karɓe shi ta bangaskiya. Hujjarsu mafi ƙarfi tana cikin wasiƙun Manzo Bulus zuwa ga Romawa da Afisawa, kuma malamin da ya shimfiɗa mas'alar, Agustin, ɗan Afirka ne, daga ƙasar da ake kira Aljeriya yau, ya rasu a 430.

Bahaushe ya sami karanta Littafi Mai Tsarki cikakke da harshensa a 1932, lokacin da aka buga shi, bayan wahalar fassara da Likita Mila na Zariya ya daɗe yana sha. 'Yan mishan ɗin SIM kuma suka kawo koyarwar zuwa lardin Sakkwato tare da jinyar kutare a Amanawa.

Amma fa kada a ɗauka bakinsu ɗaya. Katolika suna yi wa jarirai baftisma domin wanke zunubin gado, suna kuma ba ayyukan ƙwarai matsayi tare da alherin, alhali majami'ar ECWA, wadda ta fito daga SIM a 1954, ba ta nutsar da mutum a ruwa sai ya yi hankali ya furta bangaskiyarsa da bakinsa.