Ƙafar Baya: Ƙaramin Sauyin da Ke Gyara Sabis ko Ya Ɓata Shi a Wasan Tanis

Ranar Juma'a 26 ga Janairun 2024, a birnin Melbon na ƙasar Ostireliya, wani matashi ɗan Italiya mai shekara 22, Jannik Sinner, ya kara da Novak Djokovic a wasan kusa da na ƙarshe na gasar Australian Open. Djokovic ya ɗauki kofin wannan gasa har sau goma, kuma rabonsa da shan kashi a cikinta tun 2018. Bayan haka, masana tanis da yawa na ganin ba a taɓa yin ɗan wasan da ya kai shi iya mayar da sabis ba. Amma a ranar, cikin turmi huɗu da aka buga, bai samu ko da dama ɗaya ta karya sabis ɗin Sinner ba. Wato ba a taɓa zuwa gaɓar da maki ɗaya ya rage masa ya ƙwace wasa a lokacin da Sinner ke riƙe da sabis ba. Kwana biyu bayan nan Sinner ya doke Daniil Medvedev, ya ɗaga babban kofinsa na farko.

Wata bakwai kafin wannan rana, Sinner ya sauya wani abu da mai kallo ba zai lura da shi ba sai ya zuba wa ƙasa ido. Ya sauya yadda yake ajiye ƙafarsa ta baya idan zai yi sabis.

Ƙannena da ke buga tanis a makaranta ko a kulob, na san da yawanku kun ga bidiyon wannan sauyi a waya, wasu ma sun fara kwaikwayo. Kafin ku ci gaba, ya kamata ku san abin da sauyin ke bayarwa da abin da yake karɓa, domin ba kyauta yake zuwa ba.

Tsayuwa iri biyu

Ga wanda bai san wasan ba, sabis shi ne bugun da ake buɗe kowane maki da shi. Ɗan wasa zai tsaya bayan layin baya, ya cilla ƙwallo sama da hannu ɗaya, ya doke ta da raket ta haye raga ta faɗa cikin akwatin da ke ɗaya gefen a karkace. Dama biyu yake da ita. Idan ya ɓarar da duka biyun, makin ya zama na abokin karawarsa.

Mai buga wasa da hannun dama yakan sa ƙafar hagu a gaba, yatsunta na kallon wajen sandar raga ta dama, ƙafar dama kuma a baya. Kowa daga nan yake farawa. Bambancin yana zuwa ne bayan ƙwallo ta bar hannu.

A tsayuwa ta farko, wadda zan kira kafe-ƙafa, ƙafafun biyu na nan inda aka ajiye su, tsakaninsu kamar faɗin kafaɗa. Ɗan wasa zai lanƙwasa gwiwoyi ya tashi sama daga nan, ba tare da ya matsar da ko ɗaya ba. Haka Pete Sampras ya yi sabis, haka Roger Federer, haka ma Djokovic. A ta biyu, haɗe-ƙafa, yayin da ƙwallo ke tafiya sama sai ɗan wasa ya jawo ƙafar baya ta zo daf da ta gaba, ya tattara jikinsa wuri ɗaya, sannan ya zabura sama. Wannan ita ce tsayuwar Rafael Nadal da Goran Ivanisevic da dogon Ba'amurken nan John Isner. Daga ta farko Sinner ya koma ta biyu.

Dubi sunayen nan da kyau. Federer na da manyan kofuna 20, Djokovic 24, Nadal 22. Duk wanda ya ce maka tsayuwa ɗaya ce daidai, ɗayar kuma kuskure, ka tambaye shi wanne ne cikin mutanen nan bai iya sabis ba.

Lissafin da ke bayan tsalle

Me ya sa ake wahalar da kai wajen neman tashi sama? Amsar tana cikin darasin lissafin da kuke yi a aji, na alwatika masu kama da juna. Tsawon filin tanis mita 23.77 ne, don haka daga layin baya zuwa raga kimanin mita 11.89. Tsayin raga a tsakiya mita 0.914. Layin ƙarshen akwatin sabis yana nesa da raga da mita 6.40. A ce kana so ƙwallo ta tafi a miƙe sak kamar zare, ta shafi saman raga ta sauka daidai kan wannan layi. Haɗa 11.89 da 6.40, ka samu 18.29. Raba shi da 6.40, ka ninka da 0.914. Amsar za ta ba ka kusan mita 2.6. Wannan shi ne mafi ƙarancin tsayin da raket zai haɗu da ƙwallo idan ana son bugu mai ƙarfi ya shiga a miƙe.

Je ka jikin bango da raket a hannu, ka miƙe iyakar miƙewarka, wani ya sa alama da alli daidai tsakiyar raket ɗin, ku auna. Yawancin ɗaliban sakandare za su ga da ƙyar suka kai, ko ma ba su kai ba. Abin da ke ceton mu gajeru shi ne nauyin ƙwallo da ke jawo ta ƙasa, da kuma murza ta da ake yi ta riƙa juyawa a iska tana lanƙwasowa. Duk da haka, kowane santimita da ka ƙara a sama yana faɗaɗa ƙofar da ƙwallo za ta bi. Shi ya sa Isner, mai tsayin mita 2.08, ya zame wa 'yan wasa ala-ƙaƙai. A wasansa da Nicolas Mahut a Wimbledon a 2010, wanda ya ɗauki awa 11 da minti 5 cikin kwana uku, ya buga sabis 113 da abokin karawarsa bai ko taɓa ba.

A nan haɗe-ƙafa ke da riba. Idan ƙafafu biyu na ƙarƙashin jiki a wuri ɗaya, turin da suke yi wa ƙasa yana tafiya sama kai tsaye, kuma jawo ƙafar baya na kawo nauyin jiki gaba tun kafin bugu. Ƙarfin sabis daga ƙasa yake farawa: ƙafa ta miƙa wa kwankwaso, kwankwaso ya miƙa wa gangar jiki, daga nan kafaɗa, gwiwar hannu, wuyan hannu, sai raket. Ɗan wasan da ƙafafunsa ba sa aiki, kafaɗarsa ce ke biyan bashin, kuma ita ce za ta fara yi masa ciwo.

Abin da ake biya

Gwada wannan yanzu: tsaya ka ware ƙafa, abokinka ya ɗan tura ka a kafaɗa. Sake tsayawa ƙafa a haɗe, ya sake turawa. Ka ga bambanci? Mai haɗe-ƙafa yana tsaye ne a kan ɗan ƙaramin wuri, kansa a sama yana kallon ƙwallo, gwiwoyinsa a lanƙwashe. Idan ƙwallon da ya cilla ta karkace ko da kaɗan ne, ba shi da wurin gyara tsayuwa. Ko dai ya bi ta ya tangaɗe, ko ya doke ta a inda bai dace ba. Wanda ya taɓa yin sabis da safe a cikin iskar hunturu ya san yadda ƙwallo ke barin hannu a miƙe ta dawo a wani wuri daban. Mai kafe-ƙafa ya fi jure wa irin wannan, domin gindinsa a faɗaɗe yake, kuma abubuwan da ke motsi a jikinsa ba su da yawa.

Matsala ta biyu ta fi ɓoyuwa. Yara da yawa idan suka jawo ƙafar baya ba sa tsayar da ita a bayan ta gaba, sai ta zarce ta fito gefenta. Da zarar haka ta faru, kwankwaso ya riga ya juyo yana fuskantar raga tun ƙwallo ba ta sauko ba. Murɗawar jikin da za ta ba da ƙarfi ta tafi a banza, sai a koma bugu da hannu zalla. An sauya tsayuwa don neman ƙarfi, an ƙare da rasa wanda ake da shi.

Sai kuma doka. Dokar tanis ta hana mai sabis taka layin baya ko cikin fili kafin raket ya taɓa ƙwallo. Ta hana shi ƙetare daidai 'yar alamar da ke tsakiyar layin baya, ta kuma hana shi tafiya ko gudu yayin bugu, ko da yake ta yarda da ɗan motsin ƙafa. Tsalle kansa ba a daɗe da halatta shi ba, domin har zuwa wajajen 1960 dole ne ƙafa ɗaya ta zauna a ƙasa. Jawo ƙafar baya ba laifi ba ne, amma ƙafar da ke motsi ta fi saurin ɓata wa mai ita rai fiye da wadda ke kafe. A wasannin sada zumunci ba mai kula da wannan, sai ranar gasa alƙali ya fara kira, yaro ya rikice.

Kada ku ɗauka ƙaramin abu ne. A gasar US Open ta 2009, Serena Williams na karawa da Kim Clijsters a wasan kusa da na ƙarshe, an riga an ci ta turmi ɗaya, a na biyu kuma tana baya da 5 da 6. A sabis ɗinta na biyu mai kula da layi ta ce ta taka layi, abin da ya ba Clijsters damar kammala wasa. Serena ta fusata ta yi wa matar faɗa, kuma da yake an riga an gargaɗe ta tun farko kan fasa raket, sai aka ci ta tarar maki ɗaya. Da wannan maki wasan ya ƙare.

Me ya sa ta Sinner ta yi kyau?

A ƙarshen Mayu da farkon Yunin 2023 aka yi gasar Roland Garros a Faransa, inda Bajamushe Daniel Altmaier ya fitar da Sinner tun a zagaye na biyu, bayan fafatawar fiye da awa biyar. Bayan wannan ne aka gan shi da sabuwar tsayuwa a wasannin filin ciyawa. Ya kai kusa da ƙarshe a Wimbledon, ya ɗauki kofin Toronto a Agusta, ya jagoranci Italiya ta ci kofin Davis a Nuwamba, kuma a Yunin 2024 ya zama ɗan Italiya na farko da ya hau matsayi na ɗaya a duniya.

Labarin na da daɗin ji, amma a ganina masu cewa ƙafar baya ce ta kawo duk wannan sun yi azarɓaɓi. A daidai lokacin Sinner yana ƙara ƙarfin jiki, yana ƙara dabarun wasa, kuma yana tare da masu horarwa biyu, Simone Vagnozzi da Darren Cahill, da ke kallon kowane bugu nasa. Tsayuwar ma ba baƙuwa ba ce gare shi, ya taɓa amfani da ita a baya. Ga shi kuma ya taso yana gudun kan ƙanƙara a tsaunukan arewacin Italiya, wasan da ke koya wa yaro daidaita jiki tun yana ƙarami. Mutumin da ke da wannan duka zai iya sauya tsayuwa a tsakiyar kakar wasa. Kai da ke samun fili sau biyu a mako, kuna karɓa-karɓa da raket ɗaya ku uku, lissafinka daban ne.

Idan ka yanke shawarar sauyawa

Fara da tambayar kanka mene ne ciwon. Idan sabis ɗinka na shiga amma ba shi da ƙarfi, kuma ka lura nauyinka na maƙalewa a ƙafar baya, haɗe-ƙafa na iya taimaka maka. Idan kuwa kana tangaɗi bayan bugu, ko kana yawan ɓarar da sabis biyu a jere, ko ana kama ka da taka layi, komawa kafe-ƙafa ya fi maka. Idan ba ka iya faɗin ciwon da baki ba, bar ƙafarka inda take.

Sau da yawa ma laifin ba na ƙafa ba ne, na hannun da ke cilla ƙwallo ne. Ajiye raket a ƙasa, kansa a gaban ƙafarka ta gaba, ɗan dama kaɗan idan kai badame ne. Cilla ƙwallo kamar za ka yi sabis, ka bar ta ta faɗo. Yi sau goma. Idan ba ta sauka a kan raket ɗin ko kusa da shi sau bakwai ba, wannan ne aikin da ke gabanka, kuma babu tsayuwar da za ta rufe maka shi. Duba riƙonka ma: a riƙe raket kamar guduma, ba kamar mai kashe ƙuda da mafici ba.

Lokaci na da muhimmanci. Sabon motsi yakan fara lalata sabis kafin ya gyara shi, saboda jiki ya saba da tsohon lokacin tashi da na bugu. Wanda ya sauya ana saura mako ɗaya gasar makarantu zai shiga fili da tsayuwa biyu a kansa, kuma idan wasa ya yi zafi jikinsa zai riƙa tsalle tsakaninsu. Dogon hutu shi ne lokacin wannan aiki.

Kwanakin farko ba sai da ƙwallo ba. Zana da alli inda ƙafar baya za ta fara da inda za ta tsaya, a bayan diddigen ta gaba, ka yi ta maimaita motsin a tsakar gida har ƙafar ta daina neman alamar. Daga nan ka ƙara cilla ƙwallo ba tare da bugu ba, sannan bugu a hankali. A kowane sabis ka sauka a kan ƙafar gaba a cikin fili, ka tsaya a kanta ka ƙirga biyu. Idan ba ka iya tsayawa ba, jikinka bai daidaita ba tukuna. Ke ma 'yar'uwa da ke buga wasan, duk wannan ya shafe ki, babu wani bambanci a tsarin.

Kafin ka fara, buga sabis ashirin da tsohuwar tsayuwa ka rubuta nawa suka shiga, kuma wani ya ɗauke ka bidiyo daga baya, ƙafafu na fitowa. Maimaita wannan duk ƙarshen mako da sabuwar. Makonni biyu na farko adadin zai iya sauka, kada ya tsorata ka. Idan an yi mako shida bai dawo inda yake ba, ka kai bidiyoyin wurin malamin wasanni ko wani tsohon ɗan wasa a kulob ku duba tare. Kuma idan filinku na siminti ne, ka share ƙurar bayan layi kafin ka fara, domin ƙafar da ake jawowa a kan ƙura takan zarce inda aka nufa da ita.