Dusar Da Muke Zuba Wa Awaki

Duk lokacin da aka surfe gero ko dawa aka bushe dusar, an raba hatsin da mafi yawan faibarsa, wato ɓangaren abincin tsirrai da hanjin mutum ba ya iya narkarwa. Awaki su ci dusa, mu kuma mu tuƙa farin gari muna yabon laushinsa. Mai ciwon suga ko hawan jini shi ya fi kowa asara a wannan ciniki.

Ga dalili. Akwai nau'in faiba mai narkewa a ruwa ya yi yauƙi, irin wanda ke cikin kuɓewa da wake. Idan ya isa hanji yakan rage saurin da suga ke shiga jini, don haka ba ya yin tashin gwauron zabo bayan cin abinci. Yakan kuma riƙe ruwan matsarmama ya fita da shi a bayan gida, sai hanta ta ɗebi kolestarol daga jini ta haɗa wani, kitsen da ke toshe jijiyoyi ya ragu. Ɗaya nau'in, na dusa da ganye, shi ke tausasa bayan gida, abin da masu basir suka san darajarsa.

Tun a shekarun 1970 likita Denis Burkitt, wanda ya yi aiki a Yuganda, ya danganta ƙarancin sankarar hanji a ƙauyukan Afirka da cin hatsi da dusarsa. Yau Hukumar Lafiya ta Duniya na ba manya shawarar cin aƙalla giram 25 na faiba a rana. Kofi ɗaya na dafaffen wake yana ba da wajen giram 11, na farar shinkafa kuwa bai kai giram ɗaya ba. A ganina wannan kaɗai ya isa a sake duba yadda ake auna garau-garau a gidajenmu: wake ya rinjayi shinkafa.

Kwaɗon zogale, rama, miyar kuka, gwaba da aya duk suna da faiba, kuma suna kasuwa da araha. Sai dai a ƙara su sannu a hankali tare da shan ruwa sosai, in ba haka ba kumburin ciki zai biyo baya. Mai ciwon ƙoda ya tuntuɓi likita kafin ya yawaita wake da ganye, saboda sinadarin fotasiyam da ke cikinsu. Kada kuma kowa ya ajiye maganin asibiti don ya fara cin tuwo mai dusa.