Arahar Wutar Dare A Birtaniya, Da Abin Da Mai Son Sake Kamfani Zai Duba

Jama'a, a ƙasar Birtaniya kuɗin wutar lantarki ba ɗaya ba ne ga kowane gida. Akwai gidajen da a ke sayar musu da wuta bisa farashi biyu, na rana da tsada, na dare da araha. Da yawa cikin irin waɗannan gidaje ba a kai musu bututun gas ba, sabo da haka da lantarki su ke ɗuma ɗakunansu lokacin sanyi. Mun ga ya kyautu mu bayyana wa masu karatu wannan al'amari, gama cikin malamai da akawuna akwai masu ɗa ko ƙane da ya tafi can neman ilmi, kuma sau da yawa irin waɗannan ɗakuna baƙo ya kan samu na haya. Sanyin ƙasar kuwa ba abin wasa ba ne, kuskuren lissafi guda ya isa ya sa mutum ya kwana cikin ɗari, ko kuwa ya wayi gari da bashi a wuyansa.

Rumbun Ɗumi

Duk wanda ya taɓa kwana a soro da bazara ya san yadda katangar ƙasa ta ke shan zafin rana, ta yi ta fid da shi har tsakar dare. To, a kan wannan dabara Turawa su ka ƙera wata na'ura wadda za mu kira rumbun ɗumi. Akwati ne na ƙarfe da a ke kafawa jikin bango, cike da tubala masu nauyi, da wayoyi masu ɗaukar zafi a tsakaninsu. Da dare, sa'ad da wuta ke da araha, sai wayoyin su gasa tubalan. Da gari ya waye wuta ta ɗauke daga gare shi, sai tubalan su riƙa sakin zafi kaɗan kaɗan har yamma. Tsofaffin rumbunan suna da maɓallai biyu, ɗaya na ƙayyade yawan zafin da za a tara, ɗaya na ƙayyade saurin fitarsa. Wanda ya buɗe na biyun gaba ɗaya tun da safe, kafin magariba rumbunsa ya huce.

Dalilin arahar kuwa shi ne, manyan tashoshin wuta masu aiki da kwal da na nukiliya ba su son a riƙa kashe su ana kunnawa, alhali kuwa da dare masana'antu a rufe su ke, mutane na barci, masu jan wuta kaɗan ne. Hukumomin lantarki, waɗanda gwamnati ta karɓa hannunta tun 1948, su ka ga gara a sayar da wutar dare da rangwame. A watan Oktoba na 1978 a ka fito da tsarin da a ke kira Economy 7, watau awa 7 na araha kowane dare. A wurare da yawa daga wajen tsakar dare ne zuwa ƙarfe 7 na safe, amma lokacin ya kan bambanta daga lardi zuwa lardi. Akwai kuma Economy 10, mai awa 10, wanda a ke rarrabawa tsakanin dare da azahar da maraice.

A 1990 gwamnati ta sayar da hukumomin rarraba wuta ga 'yan kasuwa, zuwa 1999 kuwa kowane gida a Ingila da Sikotilan da Wales ya sami ikon zaɓen kamfanin da zai sayi wuta gare shi. Hukumar da ke sa ido a kan cinikin ita ce Ofgem. In mutum ya sake kamfani ba a taɓa wayar da ta shigo gidansa, wuta ba ta ɗaukewa, mai aiko da takardar biya ne kaɗai ke sakewa. Ko ɗan haya ma, muddin shi ke biyan kamfani da kansa, yana da wannan iko.

Lissafi Kafin Ciniki

Ga mai farashi ɗaya sake kamfani abu ne mai sauƙi, ya dubi lamba guda ya gwada da wata. Mai rumbun ɗumi kuwa lamba uku zai duba: kuɗin awo ɗaya na rana, da kuɗin awo ɗaya na dare, da kuɗin tsaye wanda a ke biya kowace rana ko an kunna fitila ko ba a kunna ba. Awo ɗaya shi ne wutar da na'ura mai ƙarfin kilowat ɗaya ta ke ci cikin awa guda.

Bari mu buga misali irin na aji, da lambobin da mu ka zaɓa don sauƙin lissafi. Fam ɗaya na Ingila kwabo 100 ne tun 1971. A ce gida yana cin awo 7,000 a shekara, 5,000 da dare, 2,000 da rana. Kamfani na farko yana sayar da awon rana kwabo 32, na dare kwabo 15. Kuɗin rana ya zama fam 640, na dare fam 750, jimla fam 1,390. Kamfani na biyu ya zo da shelar cewa shi awon ranarsa kwabo 28 ne kacal, amma na dare kwabo 20. Kuɗin rana fam 560, na dare fam 1,000, jimla fam 1,560. Ashe wanda ya bi shela ya yi hasarar fam 170 a shekara, yana tsammani riba ya ci. In kuma gidan ya koma farashi ɗaya na kwabo 26 dare da rana, fam 1,820 zai biya.

Amma fa arahar nan ba ta kowa ba ce. Kuɗin rana a tsarin Economy 7 ya fi na mai farashi ɗaya tsada. A cikin misalin namu, sai wutar dare ta wuce kashi 35 cikin 100 na abin da gida ke ci kana kamfani na farko ya fi farashi ɗaya sauƙi. Wanda ya daina kunna rumbunansa, ya koma ɗuma ɗaki da ƙaramar hita da rana, ya ɗora wa kansa tsada biyu. Don haka abin da ya wajaba shi ne mutum ya tattara takardun biya na shekara guda cif, ya fid da jimlar dare daban, ta rana daban. Takardar wata uku na lokacin zafi ba ta isa ba, gama rumbunan a kashe su ke a lokacin.

Mita Da Agogonta

Bayan lissafi sai a dubi mita. A gidaje da yawa wayoyin rumbunan daban su ke da na sauran gida, mita ce ke buɗe musu wuta in lokacin araha ya yi, ta rufe in ya ƙare. In sabon kamfani zai kawo sabuwar mita, lalle a tambaye shi ko tana iya wannan aiki, a kuma tambayi ainihin sa'o'in araharta. In sa'o'in mita da na rumbu su ka saɓa, tubalan za su yi ta shan wuta da kuɗin rana, mai gida bai sani ba sai takarda ta iso. Har ila yau, a ƙarshen Maris a kan tura agogon ƙasar gaba da awa ɗaya, a mai da shi a ƙarshen Oktoba, waɗansu mitoci kuwa ba su bin wannan sauyi.

Wani kuskuren da a kan yi ranar sake kamfani shi ne a juya lambobin biyu, a rubuta ta dare a gurbin ta rana. Maganinsa mai sauƙi ne. Da tsakar rana mutum ya kunna butar dafa ruwa, ya tsaya gaban mita ya ga wace lamba ce ke tafiya, ita ce ta rana. Ya rubuta duka biyun ranar da ya sake kamfani, ya ɗauki hotonsu ya ajiye. Waɗansu gidajen kuma lambar rajista biyu gare su, ɗaya ta rumbuna, ɗaya ta sauran gida, dole a kai su tare, in ba haka ba mutum ya sami kansa yana biyan kamfani biyu.

A arewacin Sikotilan akwai wani tsari mai suna Total Heating Total Control, wanda kamfanoni kaɗan ne ke iya karɓar mitarsa, masu shi su ka daɗe kamar an ɗaure su a turke guda. A 2016 hukumar kula da gasar ciniki ta umurci manyan kamfanoni su buɗe wa masu irin waɗannan mitoci farashinsu na bai ɗaya ba tare da sun tilasta musu sake mita ba. An dai buɗe ƙofa, amma kamar yadda lissafinmu ya nuna, ba kullum ne shigarta ke da riba ba.

Akwai kuma tsofaffin mitoci waɗanda tun shekarun 1980 a ka riƙa ba su umurni ta iska. A cikin dogon zangon gidan rediyon BBC, daga tashar Droitwich da waɗansu biyu a Sikotilan, a ka riƙa aiko da wata alama wadda kunne ba ya ji, ita ke gaya wa mita ta koma farashin dare. Daga 30 ga Yuni 2025 a ka fara rufe wannan hanya yanki yanki. Mitar da alamar ta yanke mata tana iya barin rumbu a kunne dare da rana, ko a kashe ɗungum. Mai irinta ya kamata ya nemi a sake masa da mita ta zamani, mai aika lissafi da kanta, tun kafin ya shiga maganar sake kamfani.

Abin Da Doka Ta Tanada

Wanda ya sa hannu da sabon kamfani yana da kwana 14 na sake shawara ba tare da tara ba. A ƙa'ida sauyin ya kan kammala cikin ranakun aiki 5. In mutum yana cikin yarjejeniya mai wa'adi, tsohon kamfani na iya cin sa kuɗin fita, sai dai in saura kwana 49 ko ƙasa da haka wa'adin ya cika. Bashin da ya wuce kwana 28 ba a biya ba yana iya sa a hana shi tafiya. Tun Janairu 2019 Ofgem ta ke ƙayyade iyakar farashin da za a ɗora wa wanda bai ƙulla yarjejeniya mai wa'adi ba, yanzu kuwa duk wata uku a ke sake duba iyakar. A 2021 da 2022, da gas ya yi tsada a duniya, kamfanoni wajen 30 su ka karye, cikinsu har da Bulb. Ba a yanke wa kowa wuta ba, an mai da masu saye hannun waɗansu kamfanoni, kuɗin da su ka ajiye kuma bai salwanta ba, amma da yawa sun rasa arahar da su ka bi.

Masu iya magana sun ce araha ba ta ado. Shawararmu ga wanda ke da ɗan'uwa a can ita ce ya rubuta masa ya ce, kafin ya amsa wa kowane kamfani, ya san awon darensa na shekara, ya san sa'o'in mitarsa, ya kuma sa a ba shi farashin dare a rubuce. Lokacin da ya fi dacewa da wannan aiki shi ne Agusta ko Satumba, don in an sami tangarɗa a gyara ta tun rumbunan ba su fara aiki ba. Allah ya kiyaye mana 'yan'uwanmu da ke baƙunci.